Hayaƙin Safe: Yadda Muka Bi Sawunsa a Injin Wata Carina E

Motar ta wani dattijo ce a nan Jos, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Toyota Carina E ce ƙirar 1995, mai giyar hannu, injinta 4A-FE mai lita 1.6 da bawul 16. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Toyota ta Burnaston da ke Ingila tun daga ƙarshen 1992, suka ci zamaninsu a Turai, suka biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can suka cika titunan Arewa da na Nijar. Shi ma 'yar Kwatano ya saya, ya kuma shekara goma sha wani abu yana hawanta. Mitarta ta haura kilomita 330,000.

Ya shigo garejinmu wata Litinin cikin Disamba, hunturu ya kankama. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, motar nan tana ba ni kunya da safe. In na tashe ta bayan an sauko daga asuba, sai hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, yara masu tafiya makaranta na toshe hanci. Minti ɗaya, biyu, sai ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Zan wuni ina yawo ba ka ganin komai."

Kafin ya zo wurinmu ya riga ya je wurare biyu. A na farko an ce masa ringin za a yi, wato a sauke inji a sake zobban fistan. A na biyu an ce kada ya wahalar da kansa, ya sayi injin Beljiyam a ɗora. Duka biyun babu wanda ya ga hayaƙin da idonsa, domin da rana ya je, inji da zafi, salansa fes. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a sana'armu: mutum ya ce "hayaƙi", kafin ya rufe baki an yanke wa inji hukunci. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri a bar mini ita ta kwana. Ciwon safe sai da safe ake ganinsa."

Ya miƙo makulli, sannan ya buɗe fijo hol ya zaro wani ɗan littafin rubutu mai bango ja, duk gefensa ya sha baƙin mai. A ciki ya rubuta ranar kowane juye da kowane ciko, tare da abin da mita ta nuna a ranar. Ban taɓa samun mai mota da ya sauƙaƙa mini aiki irin haka ba. Lissafin ya nuna shekara biyu baya motar ba ta neman ciko tsakanin juye da juye, amma yanzu tana shan lita guda a wajen kilomita 1,100.

Abin da hayaƙin ya faɗa

Da ƙarfe shida da rabi na safe na tsaya bayan motar, yarona ya yi mata ki. A Jos, musamman da hunturu, dole mutum ya yi hattara, domin kowace mota tana fitar da farin tururi da safe, lafiyayya da marar lafiya. Tururi ba shi da nauyi, yana ɓacewa taku biyu daga bakin salansa. Wannan kuwa shuɗi ne mai ratsin toka, ya fito dunƙule, ya tsaya a iska yana lilo, ga ƙaurin ƙonannen baƙin mai da ke kama maƙogwaro. Na kara farar takarda a bakin salansa. Ɗigon ruwan da ya fantsamo ya bushe, amma ya bar 'yan tabon maiƙo. Kafin minti biyu hayaƙin ya yanke.

Launi kaɗai ya fitar da abubuwa biyu daga zargi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa ko inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Sauran tambaya ita ce ta ina yake shiga, ta ƙasa ko ta sama.

In ta ƙasa ne, wato zobban fistan sun gaji, hayaƙi yana bin wahala: ka taka totur, ka ɗauki kaya, ka kama hawa, sai ya biyo ka, kuma inji na ƙara zafi yana ƙaruwa. In ta sama ne, yana bin hutu: bayan an kwana, bayan doguwar tsayuwa a sulo (inji na aiki ba a taka totur ba), bayan gangara. Muka bar motar ta yi zafi, muka bar ta a sulo minti goma, sannan aka taka totur lokaci guda. Sai ga dunƙulen shuɗi ya fito sau ɗaya, aka sake takawa babu komai. Da na tambayi Baba yadda take yi a Hawan Kibo, tun da yakan bi hanyar Akwanga, sai ya ce a hawa ba ya ganin komai ta madubi, amma in ya gangaro da giya uku, ƙafa a ɗage, da ya iso ƙasa ya taka sai ya ga gajimare a bayansa. Wannan amsar ta fi mini kowace na'ura.

Ga dalili. A saman injin nan akwai kamshaf biyu, sandunan da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, suna wanka cikin baƙin mai. Kowane bawul yana da doguwar ƙafa siririya, kaurinta milimita 6, tana kai da komo cikin wani ɗan bututun ƙarfe da aka dasa a jikin tof silinda, wato kan injin. Shi muke kira gaid, kuma aikinsa aikin kube ne ga wuƙa: ya riƙe ƙafar ta tafi miƙe. A kan gaid akwai 'yar hular roba, sil, wadda ke share mai daga ƙafar bawul ta bar ɗan abin da zai hana gogayya kawai. In inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda. Sai a lissafa shekara talatin.

In sil ya bushe, ko gaid ya buɗe, to da an kashe mota man da ya taru a sama yakan bi ƙafar bawul a hankali duk dare, ya kwanta a bayan kan bawul ko ya ɗiga cikin silinda. Ki na farko da safe shi ke ƙone abin da ya taru. A sulo da gangara kuwa, totur a rufe yake amma fistan na ta zuƙa, kamar mai tsotsar tsinken shan lemo da aka toshe masa baki. Duk inda ya sami 'yar kafa sai ya ja, kuma kafar da ta fi kusa ita ce ta gefen ƙafar bawul mai shigar da iska.

Duk da haka ban tsaya a nan ba, domin akwai ƙananan abubuwa da ke kwaikwayon wannan ciwo. Na duba geji, mai bai wuce layi ba. Na zare ɗan bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, mai fitar da hucin cikin inji, na girgiza shi, yana ƙara, tiyonsa ba a jiƙe ba. Na buɗe murfin zuba mai inji na aiki, babu hucin da ke turo hannu. Sannan muka auna matsin silinda. Littafin Toyota ya ba wannan inji 13.5 a ma'aunin kilogiram, mafi ƙanƙanta 10, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce 1. Mu muka sami tsakanin 11 da 11.5 a duka huɗun. Wanda bai sani ba zai ce ya sauka da yawa, amma Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200, iskarmu ta fi ta bakin teku sauƙi da kashi goma sha wani abu cikin ɗari, ko sabon inji ba zai ba ka lambar littafi a nan ba. Muka zuba cokalin mai a kowace silinda muka sake aunawa, lambar ta ɗan motsa kaɗan kawai. Da zobba ne suka gaji, da ta yi tsalle.

Akwai abin da wannan awo ba ya gani. Zoben da ke share mai, na ƙasan fistan, yana iya maƙalewa da dauɗa alhali na sama biyun suna riƙe matsi da kyau. Shi ya sa ban ce wa Baba na rantse ba. Na ce masa dukkan alamu sun nuna sama, kuma aikin sama shi ne mai araha, da shi ya kamata a fara.

Aiki na farko: sil, ba tare da an ɗaga tof ba

Ana iya sake sil tof na zaune a wurinsa, in dai an sami abin da zai tare bawul kada ya faɗa cikin silinda bayan an cire masa sifirin. Wasu iska suke hurawa ta ramin fulogi da kwamfiresa. Ni igiya na fi yarda da ita, domin in wuta ta ɗauke ko tiyo ya fice ana tsakiyar aiki, bawul ya tafi, kuma tof ɗin da kake gudun ɗagawa sai ka ɗaga shi. Igiya ba ta ɗaukewa. Mun cire kan batir, muka kwance bel ɗin tayimin da kamshaf biyun, muka saukar da fistan kaɗan, muka zura igiya mai laushi ta ramin fulogi muka bar jelarta a waje, sannan muka juya inji da sifana har fistan ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul huɗun.

Wannan inji yana da wani tarko da ke kama baƙo. Bel ɗin kamshaf ɗaya kaɗai yake ja, na ɓangaren salansa, shi kuma ya ja ɗan'uwansa da haƙori. Giyar ɗan'uwan nan falle biyu ce da sifirin a tsakani, kuma kafin a ɗaga shi sai an ɗaure fallen biyu da ƙaramin ƙusa mai milimita 6. Sannan a sassauta maɗaurai kaɗan-kaɗan, kamshaf ya taso a kwance. In ya taso a karkace yana iya fasa gefen tof. Kofunan tafet goma sha shida da ke kife a kan bawul, da shim ɗinsu, wato 'yan faifan ƙarfen da ke daidaita rata, muka jera a kiret ɗin ƙwai, kowanne a gurbinsa, domin kowane shim da kaurin da aka zaɓar wa bawul ɗinsa. Ramukan da mai ke komawa ƙasa muka toshe da tsumma, kada kwata guda, wato ɗan ƙarfen da ke kulle sifirin a ƙafar bawul, ta sulale ta tafi botom filet, kaskon mai na ƙasan inji. A nan ne na ga biyu daga cikin ramukan sun kusa toshewa da dasƙararren mai kamar kwalta, abin da ke sa mai ya yi kwance a sama har ya nutsar da sil.

Sil na farko da na zaro na matsa shi da filaya, sai ya tsage kamar busasshen ɓawon gyaɗa. Leɓensa da ya kamata ya rungumi ƙafar bawul ya zama kamar ƙashi. Na nuna wa Baba shi tare da sabo a tafin hannu, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya girgiza kai. Sababbin a Dilimi, inda ake sayar da kayan mota a Jos, muka samo, wurin wani mai shago da na daɗe ina hulɗa da shi, na robar Viton, wadda ke jure zafin da ya kai digiri 200, alhali robar gama-gari tana fara bushewa tun wajen 120. A ido kusan ɗaya suke, kuma a nan ake cutar mutane. Sil na bawul masu shigar da iska da na masu fitar da hayaƙi launinsu ya bambanta, ba a musanya su. Kafin a zura sabo sai a rufe tsagin kwata da ɗan tsinken roba, a shafa mai, in ba haka ba tsagin ya yanke leɓen tun kafin mota ta tashi.

Amma ba sil ne ya tsaya mini a rai ba ranar. Duk bawul ɗin da na cire wa sifirin da sil, nakan sassauta igiya ya ɗan sauka, in kama ƙafarsa da yatsu biyu in kaɗa. Takwas na shigar iska shiru. Na fita a silinda ta ɗaya da ta biyu, ɗan motsi kaɗan. Da na zo kan ɗaya a silinda ta uku da duka biyun ta huɗu, sai na ji ƙwas-ƙwas, kamar haƙori mai girgiɗi. Na kira Baba na ɗora masa yatsa ya ji da kansa.

Na ce, "Baba, waɗannan ukun kubensu ya buɗe. Sabon sil zai rufe bakin, amma ƙafar za ta riƙa dukansa hagu da dama har ta buɗa shi. Zai yi wata uku, zai yi shekara, amma hayaƙin zai dawo. Maganin gaske sai an ɗaga tof an kai wurin mai tana, mai injin yankan ƙarfe."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, bikin autata saura mako uku, kuma da motar nan zan yi zirga-zirga. Rufe mini ita haka. In Allah ya kai mu bayan biki, sai mu yi babban."

Na rufe, kuma har yau ina ganin shawarar ba ta da laifi, tun da ya san abin da ya saya. Laifi shi ne bakanike ya ji wannan girgiɗi ya yi shiru, ya karɓi kuɗi, ya ce an gama.

Washegari da safe ta ɗan yi hayaƙi, na kuma riga na gaya masa za ta yi, domin man da ya shekara yana taruwa cikin salansa sai ya ƙone. Bayan tafiya ɗaya mai nisa ya ɗauke ƙaf. Littafin ja ya nuna ta yi kilomita 4,000 ba ta sha rabin lita ba. Wannan ya warware shakkar da ta rage: da zoben share mai ne ya maƙale, sabon sil ba zai hana ta sha ba. Ƙasan injin lafiya lau yake, injin da aka ce a sauke, aka ce a jefar.

Dawowar hayaƙi

Bayan biki Baba bai dawo ba, kuma ban yi mamaki ba, tun da mota ta daina ba shi kunya. Sai cikin Mayu, ruwa ya fara sauka, ta yi wajen kilomita 7,000, ya shigo yana murmushi ya ce, "Maganarka ta fito." Wannan karon hayaƙin bai kai na da ba, da safe kaɗai, babu na sulo, babu na gangara. Fulogi huɗun a bushe, launin ƙasa-ƙasa. Haka ciwon ɓangaren fita yake: man ba ya bi ta cikin silinda, yana ɗiga ne a bayan bawul ya ƙone a hanyar salansa, shi ya sa fulogi ba ya ba da labarinsa. Muka kwance manifol na salansa muka haska tocila. Ramuka biyu na farko busasshen baƙi, na uku da na huɗu a jiƙe suna ƙyalli.

Muka ɗaga tof. Kafin in kai shi ko'ina na tsaya kan silindojin, tun da dama ta samu. Babu gaɓa a bakinsu da farce zai kama, zanen masana'anta na giciye har yanzu ana ganinsa a jikin bango, kuma kan fistan ɗin baƙinsa ya rufe har gefe. Fistan da mai ke haurowa ta zobbansa gefensa yakan wanke tas. Ban taɓa komai a ƙasa ba.

A wurin mai tana ne yatsa ya ba ma'auni wuri. Toyota ta ce ƙafar bawul na fita kaurinta tsakanin 5.965 da 5.980 na milimita, ramin gaid tsakanin 6.010 da 6.030. Ratar da ke tsakani ke nan daga 0.030 zuwa 0.065, kuma in ta kai 0.10 a sake. Na shiga iyakarsa 0.08. Silin gashin kai guda kaurinsa bai wuce nan ba, a kan abin da bai kai gashi biyu ba ake wannan magana duka. Ana aunawa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, domin gaid ba ya cinyewa daidai. Tsakiyarsa takan zauna lafiya, bakunan biyu su buɗe kamar bakin kakaki, wanda ya auna tsakiya kaɗai sai ya ce lafiya. Ukun nan muka same su 0.12 da 0.14 da 0.16. Sauran biyar na fita suna bakin iyaka. Na shiga takwas duk suna ciki.

Muka yanke a sake gaid takwas na fita, da bawul uku da ƙafarsu ta sirance, a bar na shiga yadda suke. Mai tana ya so a sake goma sha shidan gaba ɗaya tun da an riga an buɗe. Na ƙi. Gaid na masana'anta da ke cikin ma'auni ya fi mini sabon da ban san inda aka zuba shi ba, kuma duk gaid da aka fitar ana ɗan cin ramin da yake zaune.

Yadda ake fitar da shi ma abin kallo ne. Tof na alminiyam ne, gaid na baƙin ƙarfe, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Littafi ya ce a ɗumama tof a hankali zuwa digiri 80 zuwa 100. Mai tanan nan rabin duro gare shi a kan murhu, ya nutsa tof ɗin cikin ruwa ya bari ya tafasa, wanda ba zai taɓa wuce iyakar ba. Na sha ganin masu kara wutar walda a gefe guda, tof ya murɗe, a dawo ana neman dalilin da gasket ke ƙonewa. Da ya tsamo shi yana tururi, bugu kaɗan kowane gaid ya fita. Ya auna ramukan, bakwai suka karɓi gaid na daidai, ɗaya ya buɗe sai da aka sa masa mai ƙarin kaurin 0.05. Bayan an dasa aka bi cikinsu da rima, ƙarfen daidaita faɗin rami, har kowane bawul, in an shafa masa mai aka sake shi, yana sauka da nauyin kansa a hankali, ba faɗuwa ba, ba tsayawa ba.

Daga nan sai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Sabon gaid ba ya taɓa zama daidai inda tsohon ya zauna, don haka mazaunin bawul sai an sake yanka shi a kan digiri 45 yana bin tsakiyar sabon gaid. In aka bar tsohon mazauni, bawul zai riƙa sauka da gefe guda, duk saukowa yana lanƙwasa ƙafa, ya cinye sabon gaid, kuma ba ya samun inda zai sauke zafinsa. Kan bawul na fita yakan kai digiri 700 zuwa sama, kuma mafi yawan wannan zafi ta mazauni yake fita, saura ta ƙafa da gaid. Bayan yanka aka yi girandin, wato goga bawul a kan mazauninsa, aka kifa tof aka cika ramukan da kananzir, muka zauna muka sha shayi. Da muka dawo babu inda ya tsattsafo. Fuskar tof muka ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe, karkatarta ba ta kai 0.05 da aka yarda ba, don haka ba a kankare ta ba.

Sil kuma sai da muka sake sababbi duka, na Disamba ba sa komawa. Ukun da ke kan gaid masu girgiɗi leɓensu ya zama ƙwai maimakon da'ira, cikin wata biyar kacal. Tun da yanka mazauni yana nutsar da bawul, sai da muka sake zaɓen shim har rata ta dawo 0.15 zuwa 0.25 a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita, inji da sanyi. Wannan ya ci mana rabin wuni da zuwa kasuwa sau biyu. Ƙusoshin tof goma aka ɗaure daga tsakiya zuwa waje da sifana mai ma'auni, sannan rubu'in juyi sau biyu kamar yadda littafi ya ce.

Me ya cinye su

A injin da kamshaf ke danna kofi kai tsaye irin wannan, gaid ba ya saurin cinyewa, domin babu hannun da ke tura ƙafar bawul gefe. In ka ga ya buɗe, akwai abin da ya faru. Da na matsa da tambaya, Baba ya tuna wata shekara da tiyon lagireto ya fashe masa a tsakiyar Hawan Kibo, ya lallaɓa har sama allura na cikin ja. A bakin hanya aka gyara, aka zare tamostat, mai tsare ruwa har inji ya yi zafi, aka jefar, aka haɗa fanka kai tsaye. Tun ranar take haka. Mun kuma sami tayimin bai kai digiri 10 da littafi ya ce ba, wani ya ja distiributa don ya kashe ƙarar inji, kuma wutar da ta makara a bakin bawul na fita take ƙarasa ci.

Zare tamostat al'ada ce da ta zama ruwan dare, ana cewa na ƙasar sanyi ne. A Jos da hunturu, injin da ba shi da tamostat yakan yi tafiyar cikin gari duka bai kai zafin aikinsa ba, ruwa da fetur su zauna cikin baƙin mai, su zama kwaltar nan da na samu a ramukan komawa. Muka sa sabo mai buɗewa a wajen digiri 82, muka mayar da fanka kan na'urarta, aka wanke lagireto, aka daidaita tayimin da fitila. Akwai kuma gwangwanaye biyu na man nan mai kauri kamar zuma da na gani a but, wanda aka ce masa yana kashe hayaƙi. Yana rage shi, gaskiya ne, domin abu mai kauri ba ya saurin ɗiga. Amma da sanyin safiya shi ne ke makara kafin ya hau sama wurin kamshaf, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Na roƙe shi ya bari.

Aikin biyu a haɗe, da gasket da bel da tamostat da kuɗin mai tana, bai kai rabin kuɗin injin Beljiyam ba a lokacin. Kuma abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, an daina ƙera 4A-FE tun farkon shekarun 2000, don haka duk wanda ke jibge a kasuwa yau ya haura shekara ashirin, sil ɗinsa sa'an wanda muka fasa da filaya ne, ga shi ya daɗe a ajiye ba mai a jikinsa. Na ɗora irinsu da hannuna, na ga wanda ya yi hayaƙi tun safiyar farko. Akwai injin da sauke shi ne kaɗai mafita, wanda ya buga, ko silinda ta cinye, ko tof ya tsage. Na Baba ba ya cikinsu.

Hunturu ya sake zagayowa ya wuce, motar ta yi sama da kilomita 15,000 tun aikin Mayu. Ranar da ya kawo ta juye na ƙarshe na karɓi littafin ja na buɗe. Juye uku a jere, kuma a layin ciko na kowanne ya ja ɗan gajeren layi da biro. Gaid ukun nan suna cikin gwangwanin madara a kan kantar gareji tare da tsohon bawul guda da sabon gaid guda, duk sabon yaron da aka kawo koyon aiki nakan ba shi ya zura ya kaɗa wannan, ya zura ya kaɗa wancan, har yatsunsa su riƙe bambancin. Kulocin motar kuma ya fara kamawa a sama, mun yi da Baba zai kawo ta bayan salla.